Distiribisiyo Marar Nauyi

Shekarar da aka tura ni koyar da lissafi da kimiyya a wani kolej na ƙauye cikin karkarar Korgom, ban tafi da niyyar zama mai gyaran ordinata, wato kwamfuta, ba. Alli na sani, sai allo. Amma duk wanda ya shiga ajin ƙarshe, ajin masu jarrabawar birebe, ya tarar da yara sun kifa kai a kan littafi guda kamar kaji a kan tsaba, wani ma a juye yake karantawa don ta can ya samu wuri, dole ya fita yana neman dabara. Ni kuma dama ba a san ni da haƙuri ba. Mahaifiyata takan ce tun ina goye nake faɗa da majanyi.

Dabarar daga wurin taubashina ta fito, ɗan kawuna, mai rumfar gyaran waya da ordinata a kasuwar Tasawa. Tsakanina da shi ba a gaisuwa sai da zagi, haka muka tashi. Yana da wata tsohuwar ordinata ta kan tebur da ya kwaso daga wani shagon intanet da ya rufe, ta daɗe a ƙarƙashin bencinsa yana ɗora ƙafa a kanta. Ya ce in ɗauka in mayar da ita sarba. Na ce ya yi mini Hausa. Ya ce sarba ordinata ce da ba a zama gabanta, aikinta ta kwanta a lungu da darussa a cikinta, da tsofaffin takardun jarrabawa, da bidiyon gwaje-gwajen kimiyya, a haɗa ta da ɗan akwatin wifi, duk yaron da ya zo kusa da waya ya jawo abin da yake so. Ba intanet, ba sayen kati. Wayar shafawa kuwa ba ta gagari gidaje da yawa ba, ko ta yaya ce ko ta kawu ana iya arowa da yamma. Na ce da shi tun da aka haife shi yau ne ya faɗi magana mai kai.

Matsalar ita ce wuta. Garin babu lantarki. Lekol ɗinmu, wato makarantar, na da panno guda a kan rufi, mai ɗaukar hasken rana, da batir guda mai lafiya, kuma batirin ba na lekol ba ne, na kwamitin iyaye ne. Da shi ake cajin wayoyin gari. Da na je neman aro, 'yan kwamitin suka fara noƙewa, sai shugabansu ya miƙe. Dattijo ne dogo, manomi, bai taɓa zama a aji ba, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Ya ce ya ji bayanin Madam, wato ni, bai gane rabinsa ba, amma ya ga da gaske take, shi ya ɗauki nauyi. A ba ta batir har yara su gama jarrabawa, in abin ya zama wasa a karɓe. A garin nan in Baba ya faɗi magana ba a sake auna ta, saboda haka aka ba ni. Na san sarai cewa ranar da batirin nan ya bar lekol, sarba ta mutu, yara sun koma kan littafinsu guda.

Ordinata ba ta motsi sai da tsarin da ke tafiyar da ita, wanda ake kira sistam. Na cikin wannan ya tsufa ya rikice. Taubashi ya ce Linux za mu sa, kyauta ne, ba na sata ba. Abin da bai gaya mini ba shi ne Linux ɗin ba guda ba ne. Iri-iri ne kamar wake a kasuwa, kowane da mutanensa masu rantsuwa da shi suna kushe na wasu, kuma kowane iri a Faransanci sunansa distiribisiyo. Aikina shi ne in zaɓi distiribisiyo guda wadda tsohon inji mai ƙaramar ƙwaƙwalwa zai iya ɗauka, kuma ba za ta shanye batir kafin yara su tashi daga aji ba. Na ɗauka aikin yini guda ne.

Ta farko da ya ɗura mini a kile, ɗan abin nan kamar ɗan yatsa da ake soka wa ordinata, kyakkyawa ce ta gaske. Tana buɗewa sai ga hoton duwatsu da ruwa, ga tagogi suna shigowa suna fita da yanga. Direktanmu na gani ya kamu. Mutum ne mai son a ga abu, ko rijiya aka haƙa zai tambaya ina za a rubuta suna. Ya ce wannan ita ce, ranar da insifekta ya zo ita za a nuna masa. Ni kuwa ina jin fankar cikin injin tana kuka kamar za ta fito da gudu. In ka tura kibiyar da ke kan allon injin sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ta isa inda ka aike ta. Da na kira yara su gwada, ba a kai ga cika benci guda ba komai ya tsaya cak, kuma kafin azahar batir ya yi ƙasa. Na gaya wa direkta cewa duk ƙarfin injin a kwalliya yake ƙarewa, ba abin da ya rage na yara. Ya ce ni dai ba na son abu mai kyau, da ganin yadda nake ɗaura kallabi ma an sani. Na haɗiye, don shi ke sa hannu a takardar hutuna.

Ta biyu da fahariya taubashi ya miƙo mini ita. Ya ce duk duniya babu mai sauƙinta, kafin ka ƙifta ido ta tashi. Gaskiya ya faɗa, ta tashi. Sai dai ba ta ga katin rezo na injin ba, wato ƙofar da za ta bi ta yi magana da akwatin wifi. Sarba ce lafiyayya mai saurin tsiya, wadda ba mahaluƙin da zai iya isa gare ta. Na yi ta fama har na samu ta gan shi, sai kuma manhajar da ke jera darussan ta ƙi zama a kanta, wai ba irin ginin da ta saba da shi ba ne. Bayanin gyaran duk da Ingilishi yake, ni kuma Ingilishin da na baro lise, babbar sakandare, da shi bai wuce gaisuwa da tambayar hanyar tasha ba. Da na kira shi ina huci, sai ya ce ai shi ma ya daina yayinta, akwai wata sabuwa da kullum ake sabunta ta ta intanet, ita ce ta 'yan zamani. Na tambaye shi da wane intanet ɗin, na gidan ubansa? Ya tuna mini cewa uban nasa kawuna ne.

A nan ya kamata in faɗi inda nake yin waɗannan kiraye-kirayen. Garin ba a samun rezon waya sai a wuri ɗaya, wani tudu kusa da rijiya, ƙarƙashin gawo. Nan kowa ke zuwa buga waya, nan kuma rumfar da Baba da sauran dattawa ke zama suna tufka igiya. Wayata kuma tun da taubashi ya gyara ta ba ta ƙara magana a kunne ba, sai a lasifika. Ga iska, ga kukan jakai, dole mutum ya ɗaga murya. Ni da shi kuwa in muna magana Hausa da Faransanci a cakuɗe suke fita, ba ma ko lura.

Wata Alhamis na tsaya a kan tudun nan, raina a ɓace, na ce da shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni:

"Ka ji ni da kyau. Distiribisiyo nike so wadda za ta ishi kowa lokaci guda. Ba babba ba, leje, marar nauyi. Gobe ina nan tahe Tasawa, kuma wallahi ran Asabar da sahe sai na shigo lekol da ita."

Ya amsa, kowa na ji, cewa in zo kawai, iri-iri na nan a ajiye, sai wadda na zaɓa.

Ga abin da ban kawo a raina ba, kuma har gobe ina cewa duk mai aiki a gabansa ba zai kawo ba. A ƙasarmu distiribisiyo kalma ce da tsohuwar da ba ta san ko bonjur ba ta san ta. Ita ce ranar da manyan motoci ke tsayawa a bakin gari, a sauke buhunan hatsi da shinkafa da jarkokin mai, a jera mutane a raba musu. Lokacin kuma bazara ce, daminar bara ba ta yi kirki ba, rumbuna sun yi ƙasa. Gidaje da yawa sun koma tuwo sau ɗaya a yini. Ni ma na sani, ina ganin yara na hamma a aji. Amma na daɗe ina kwana ina tashi da kalmar nan da wata ma'ana daban, har na manta da wadda mutane suka san ta da ita.

Washegari Juma'a, na gama darasin safe ina ƙoƙarin hawa kabu-kabu, sai Baba ya tare ni. Ya gaishe ni a natse kamar yadda ya saba, ya tambayi gajiya da zafi, sannan ya rage murya.

"Madam, ashe gaskiya ne gobe kina kawo distiribisiyo lekol?"

Na ji daɗi har cikin raina, na ce ashe dattijon nan yana bin aikin da ya ɗauki nauyinsa. Na ce, "In sha Allahu, Baba. Amma hwa ƙarama ce, kada ku sa ran ganin wani abin kallo."

"Za ta ishi kowa?"

"Ai don ta ishi kowa nike wagga wahala."

Ya yi ta sa mini albarka har mai babur ya gaji ya ja. Bayan sallar Juma'a, kamar yadda na ji daga baya, ya tsaya a ƙofar masallaci ya sanar. Ya ce daga bakin Madam ya ji, ba a wurin wani ba. Ya ce kaɗan ce, kada a yi rububi, a bar tsofaffi da matan da mazansu suka rasu su shiga gaba.

Ni ina can Tasawa ban san wainar da ake toyawa ba. Na zauna a rumfar taubashi na ce yau ba ra'ayinsa na zo ji ba, tambaya zan yi ya ba ni amsa. Wace ce har yanzu take karɓar tsohon inji irin wannan, tunda da yawa sun daina? Wace ce in an kafa ta za a iya mantawa da ita a shekara ba ta nemi intanet ba? In wuta ta ɗauke da tsakar rana, wace ce za ta tashi da kanta ta ci gaba, ba sai na baro aji ba? Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya yatsina fuska ya ce sai dai tsohuwar nan da kakannin sana'a ke aiki da ita, wadda ba ta da wani abin burgewa. Na ce ita nake so, kuma a kafa ta tsirara, ba tagogi, ba hoto, ba kibiya. Ya ce to ai baƙin allo kawai za a gani da farin rubutu, direktanki zai yi kuka. Na ce wannan ma wani dalilin ne.

Sauke ta daga intanet ya ci mana yinin, tana kaiwa kusa da ƙarshe sai rezo ya yanke a koma farko. Da ta samu, muka gwada ta a wani inji sa'an nawa. Ta ga katin rezo ba gardama, manhajar darussa ta zauna daram. Taubashi ya bi maƙwabtansa na kasuwa, mai shayi da tela da masu sayar da takalma, ya ce kowa ya shiga da wayarsa ya buɗe bidiyo. Fanka ko tari ba ta yi ba. Na daɗe ban ji sanyi a raina irin na ranar ba, har na saya masa tsire, abin da ban taɓa yi ba.

Asabar da safe muka kamo hanyar rairayi, kile na cikin aljihun jakata. Tun kafin mu shiga gari na fara ganin amalanke da jakai, da mata ɗauke da buhuna a naɗe, da ƙore, da jarkoki. Na ce ko rasuwa aka yi, amma wa ke zuwa gaisuwar mutuwa da jarka? Da muka karyo kwanar lekol sai mai babur ya taka birki da kansa. Filin ƙwallo cike yake. Mutanen gari, mutanen ƙauyukan kewaye, har Fulanin da ke zaune can wajen Hawandawaki sun baro shanu sun taho da goyo da tsofaffi, wasu tun asuba suke tafe. An ja layi biyu, na maza da na mata. Baba na bakin ƙofa da sandarsa yana gyara layi. Direkta kuma, wanda ya fi ni Faransanci, wanda da kunnensa ya sha jin ina kiran abin cikin injin distiribisiyo, ya sa kwat a cikin wannan zafi ya fito da tebur. Daga baya ya ce ya zaci wasu masu ba da agaji na samo na ɓoye masa, bai so a ce ba da shi aka yi ba.

Ba wanda ya kalle ni. Bayana suke kallo, hanyar da mota za ta ɓullo.

Baba ya ƙaraso da fara'a ya tambaya ko motar ta kafe a rairayi ne, a tura samari. A lokacin ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Ban san abin da ya sa ba, sai na buɗe jaka na fito da abin na ɗaga sama, na ce ga ta nan, a cikin kile take. Kile kuwa a Faransanci makulli ne, wannan ma mutane sun sani. Wata mata a gaban layi ta juya ta gaya wa na bayanta cewa Madam ta zo da makullin magaza, ɗakin ajiya, kayan na can a ciki. Maganar ta bi layi, na ga fuskoki suna washewa. Sai da na hau kan teburin direkta na yi bayani da Hausa tsantsa, ba kalmar Faransanci ko ɗaya: babu hatsi, babu shinkafa, babu mota, abin karatu ne na cikin inji, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Na so a ce sun yi ihu sun zage ni, da na san yadda zan yi da wannan. Kaɗan ne suka yi. Wasu samari suka ce an karkatar da kayan ne, malaman lekol sun sayar a Tasawa, kuma wannan maganar ta riga bayanina isa ƙauyuka. Yawanci dai tattara kayansu suka fara yi. Wata tsohuwar Bafulatana da ke kusa da teburin ta tambaye ni a hankali ko gobe ne za a yi. Na ce babu, Inna, ko gobe babu. Ta ninke buhunta da kyau, ta ɗora a ka, ta kama hannun jikarta suka juya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ni in kunya ta kama ni fushi take komawa.

A kan Baba na sauke. Bayan fili ya watse na same shi tsaye inda yake, na ce yaya babba kamarsa zai tara jama'a a kan maganar da ya tsinta a bakin rijiya, bai ko tambaya ba.

"Na tambaye ki, Madam," in ji shi.

Wannan ya ƙara tunzura ni. Na shige aji na bugo ƙofa.

Kwamiti bai jira an kwana ba. Da la'asar suka zauna ba tare da shugabansu ba, suka aiko aka kwance batir aka ɗauke. Sun ce ai an yi sharaɗi in ya zama wasa a karɓe, to wane wasa ya wuce wannan. Direkta ya tsaya a kaina yana cewa da na bar mai hoton duwatsun nan, da aƙalla an kunna wa mutane sun ga wani abu sun rage zafi. Na ce masa mutanen ba kallon hoto ya kawo su ba. Na ajiye kile a kan injin da ko kunna shi ban samu yi ba. Duk wahalar zaɓen nan na samo wadda ta dace, ga ta ga injin, babu wutar da za ta haɗa su.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Jarrabawa na matsowa, na koma kwafe tsofaffin tambayoyi a allo da hannu, yara na kwafewa, rabin lokacin darasi a nan yake tafiya. Ba wanda ya tambaye ni sarba, sai dai in ga suna satar kallon lungun da take. A hanya mata na amsa gaisuwata a taƙaice. Taubashi da na ba shi labari ya yi dariya har waya ta faɗi daga hannunsa, na daɗe ban sake kiransa ba. Amma ni baƙuwa ce, ma'aikaciya, gobe ana iya canja mini wuri. Wanda abin ya faɗa wa Baba ne. Ya daina zama a rumfar bakin rijiya. Yara suka laƙa masa Baba Distiribisiyo, manya na tsawatarwa suna murmushi. Na ji an ce a wani zaman sulhu kan iyakar gona ya buɗe baki zai yi magana, wani ya ce a fara tambaya ko daga bakin Madam ya ji. Mutumin da shekara da shekaru ba a taɓa mayar masa da magana ba. Duk da haka ban huce da shi ba. Gani nake shi ya jawo mini, na kuma tanadi maganganun da zan faɗa masa in mun haɗu, kullum ina gyara su a raina ina ƙara musu gishiri.

Wata safiya ina tsakiyar darasi sai na ji tsayuwar amalanke a ƙofar aji. Baba ne da kansa riƙe da igiyar jaki, ga batir a naɗe cikin tsohon bargo. Ƙarami ne, bai kai na kwamiti ba, kuma ya sha jiki. Kowa a garin ya san shi. Ɗansa da ke aiki a arewa ne ya aiko masa, da shi yake juya fanka a ɗakinsa, don yana fama da hawan jini, zafi na wahalar da shi.

Na fito da maganganuna a shirye. Bai bar ni na fara ba, bai ma yi doguwar gaisuwar da ya saba ba.

"Madam, ni ban taɓa tsayawa ƙohwar masallaci na hwaɗi abin da babu ba. Na ce ma mutane za a yi rabo a lekol. Hatsi ba ni da shi. Ki tada injinki ki raba ma ɗiyansu abin da ke ciki, ko mi ne ne, in samu bakin gaida mutane."

Na ce, "Baba, zahin ga hwa? Hwankarku?"

Ya ce akwai tabarma, akwai tsakar gida. Ya tambaya ko ƙaramin zai iya. Na ce ban sani ba, sai an gwada.

Ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya muka shigar. Na haɗa wayoyin wuta, na soka kile, na kafa ta tsirara kamar yadda na yi niyya. Lissafi ya nuna mini batirin ba zai ɗauki inji da allon kallo tare ba, saboda haka da ta gama tashi na tabbatar tana aiki, sai na zare allon gaba ɗaya na kai ofishin direkta na ajiye masa. Abin da ya rage a lungun akwati ne mai ƙura da 'yar fitila koriya. Da yamma yara suka jeru a jikin bango da wayoyin aro, kowa da abin da ya buɗe, har rana ta faɗi ba ta tsaya ba. Baba bai ga wannan ba, tun ina haɗa wuta ya juya jakinsa.

Kwamiti bai maido nasa batirin ba. Sunan da aka laƙa wa Baba ma bai goge ba, don darasi ba ya cika ciki, kuma waɗanda suka taho da buhu ba su manta ba. Bazarar nan duka a tsakar gida ya kwana. Bayan jarrabawa, ranar da zan tafi hutu, na kwance batirin na goge shi tas, na ba wani mai amalanke ya kai masa da godiya. Kafin in gama ɗaure kayana sai ga mutumin ya dawo da shi. Ya ce Baba ya ce a tambayi Madam, 'yan ajin da ke biye su ba su da jarrabawa baɗi?

Na tsaya riƙe da jaka, mai babur na jira, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Na ajiye jakar na koma na haɗa.